Koyar da Yaro a Cikin Gida

Ya ɗan'uwa, kada ka ce, Ni ban yi makaranta ba, koyar da yaro aikin malam ne. Ka tuna da Timoti, wanda ya san Littattafai tun yana ƙarami. Bulus kuwa ya ambaci kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki.

Ko malam bai ba ɗanka aikin gida ba, sa shi ya ƙirga mudun dawa sa'anda ake awo, ya lissafta canji in an aike shi kasuwa. Da dare a yi masa tatsuniya, shi kuma ya maimaita. In yana karanta maka ya yi tuntuɓe, kada ka ɗauki bulala, gama gobe za ya ɓoye maka littafin.