Haƙƙin Tsohon Kare da Tsohuwar Kyanwa a Kan Mai Su

Likitocin dabbobi kan lissafa kare cikin tsofaffi daga wajen shekara 7, kyanwa kuma daga wajen shekara 10. Daga nan sukan so a kawo dabbar duba duk wata 6, ko da lafiyarta lau: a auna nauyinta, a duba haƙora da gaɓɓai, a gwada jini da fitsari, a auna hawan jini. Dalili shi ne cututtukan tsufa sukan daɗe suna ci a ɓoye. Ciwon ƙoda, wanda ya yawaita ga tsofaffin kyanwowi, ba ya bayyana a gwajin jini da aka saba yi sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya tafi. Ita kuwa kyanwa ɗabi'arta ce ɓoye ciwo.

Tambayar addini a nan ita ce: neman cutar da ba ta bayyana ba yana cikin haƙƙin dabba, ko almubazzaranci ne?

Musulunci ya tabbatar da asalin haƙƙin. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malaman Malikiyya sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa sayarwa. Sun kuma halatta riƙe kare don kiwo, farauta da gadin gona.

Littattafan fiƙihu sun yi magana kan ci da sha da hana azabtarwa, ba su ambaci gwajin jini ba, domin ya zo ne bayansu. Amma manufar hukuncin ita ce kare dabba daga wahalar da ba ta iya kai kukanta. Mai ita ne kaɗai zai lura ta rame, ko shan ruwanta ya ƙaru, ko tashi yana yi mata wuya.

Sai dai haƙƙin yana tafiya da iko. Ciyar da iyali da maganinsu na gaba da kuɗin asibitin dabbobi. Mai hali da ya kai tsohon karensa duba bai yi ɓarna ba, kuma yin haka bai saɓa wa tawakkali ba, tunda riƙo da sababi cikin addini yake. Marar hali kuwa lura ta kullum ta rage a kansa, tare da abinci mai laushi, ruwa, inuwa, da sauke wa dabbar aikin da ƙarfinta ya daina ɗauka.