Wa Ke Kashe Ƙwayar Kwalara a Ƙwaryar Nono?

A Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar, direban da ya nufi Maraɗi yakan tsaya ya sha fura da nono kafin ya tsallaka. Nonon ya kwana, ya sha rana, bai ga firji ba, amma sau da yawa ya fi ruwan rijiyar da ke kusa aminci. Dalilin kuwa tsami ne.

Jikin bakteriya na lulluɓe da fata mai ɗauke da cajin lantarki, wanda ke sa ƙwayoyin su riƙa ture juna. Idan tsami ya yi yawa, cajin ya raunana, su dunƙule, ƙarfin bangonsu ya canza. Masana na auna wannan da wani madubin bincike mai allura, da aka ƙirƙira a 1986. Sinadarin tsamin nono kuma yana ratsa fatar, ya lalata ƙwayar daga ciki. Ƙwayar kwalara, wadda ta addabi Katsina da Maraɗi a 2021, raguwa ce a wannan fage: nonon da ya sauka ƙasa da 4.5 a ma'aunin pH ba wurin zamanta ba ne.

To, tsamin ne ya kashe ta, ko Allah?

Tambayar ta girmi madubin. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga: ido ya ga ƙuna lokacin da suka haɗu, amma bai ga cewa wutar ce ta yi aikin ba. Allah ne ke halittar ƙunar, haɗuwar kuwa al'ada ce da Ya gudanar. Wannan fahimta ta iso zaurukan ƙasar Hausa ta hanyar littafin Ummul Barahin na Imam Sanusi. Ibn Rushdi na Andalus ya ƙi yarda, yana ganin wanda ya musanta sababi ya rushe ilimi gaba ɗaya.

Ana iya cewa ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori shaidar Gazali ce, tunda tana zaune lafiya cikin tumbin ɗan Adam, inda tsami ya ninka na nono nesa ba kusa ba. Likitoci sun daɗe suna ganin hakan ba zai yiwu ba, har sai da Barry Marshall na Ostareliya ya kurɓe ta a 1984 ya kamu da ciwo. Shi da abokin bincikensa Robin Warren suka sami kyautar Nobel a 2005. Sai dai tsirarta ma da sababi: tana samar da amoniya ta kashe tsamin da ke kewaye da ita. Nan Ibn Rushdi ya fi samun abin faɗa.

Gazali dai bai taɓa cewa al'adar na saɓawa kullum ba, kuma ita ɗakin bincike ke aunawa. Shi ya sa nonon da aka tsinka da ruwan da ba a tafasa ba, don ƙwarya ta cika, kariyarsa ke raguwa, ko mai sayarwa mabiyiyar Gazali ce ko ba ta taɓa jin sunansa ba.