Yaron da Gwamnati Ta Mayar Shahidi

A watan Satumba na shekarar 1932 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Pavlik Morozov, tare da ta ƙanensa, a dajin ƙauyen Gerasimovka cikin Tarayyar Sobiyet. Ba da jimawa ba gwamnatin Stalin ta baza labari cewa yaron ya kai ƙarar mahaifinsa don yana taimakon maƙiyan hukuma, shi ya sa danginsa suka kashe shi. Aka yanke wa kakanninsa biyu da wasu dangi biyu hukuncin kisa. Aka sassaƙa gumakansa, aka rera masa waƙoƙi, aka koyar da labarinsa a makarantu fiye da shekara 50.

Daga baya masu bincike, irin su Yuri Druzhnikov a 1988 da Catriona Kelly a 2005, suka nuna cewa uban ya riga ya watsar da matarsa da 'ya'yansa ya koma wurin wata mace, kuma yawancin labarin ƙage ne. Ashe baƙin cikin wani gida matalauci aka ɗauka aka yi masa ado.

Me ya sa gwamnati ta zaɓi yaro? Domin yaro ba shi da laifi a idon jama'a, matacce kuwa ba ya musu. Da sunansa aka koya wa yara cewa biyayya ga hukuma ta fi doka ta huɗu, wadda ta umurce mu mu girmama iyayenmu. Inda uba ke tsoron ɗansa, gida ya rushe.

Kalmar shahidi da kalmar shaida tushensu ɗaya ne. Shahidi na gaskiya da bakinsa yake ba da shaida. Kizito, ɗan shekara 14, shi da kansa ya nemi baftisma, aka ƙone shi a Namugongo ta ƙasar Uganda a 1886. Ikilisiya ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta bincika, kafin Paparoma Bulus na Shida ya sa shi cikin tsarkaka a 1964. Mutuwar Kizito ba ta nemi jinin kowa ba. Mutuwar Pavlik kuwa, da ita aka wasa wuƙa.

Saboda haka, duk sa'ad da masu mulki suka ɗaga hoton yaron da ya mutu, mu tambaya: shaidar wa ake ba mu, kuma wa ake so mu ƙi? Allah ya jiƙan Pavlik da ƙanensa, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.