Tsakanin Mai Tsinka Da Mai Tumɓukewa

A gefen garuruwan Ingila, galibi kusa da layin dogo ko bayan wata unguwa, mutum zai ga wasu filaye da aka yayyanka ƙanana-ƙanana, kowane yanki da ɗan ɗakin ajiyar kayan aikinsa da gangar tarar ruwan sama. Su Turawan alotmen suke ce musu, mu kuwa sai mu ce lambunan haya. Ƙananan hukumomi ne ke da mafi yawansu, suna ba wa mutum yanki guda, wanda cikakkensa ya kai kimanin murabba'in mita 250, ya riƙa biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kowace shekara. Wata doka ta 1908 ta ɗora wa hukumomin nauyin samar da irin waɗannan filaye idan mazauna wuri sun nema, wata kuma ta 1922 ta fayyace cewa abin da za a noma a ciki na cin mai lambu ne da iyalinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da abinci ya yi wuya, lambunan sun haura miliyan ɗaya. Sun ragu ƙwarai tun daga nan, har ta kai a birni irin Landan mutum kan shafe shekaru yana jiran layi ya zo kansa.

To, masu waɗannan lambuna suna da wani kuka da ba ya ƙarewa, wato sata. Mutum ya zo da sassafe ya tarar kabewar da ya yi wata huɗu yana lallaɓawa ta yi ƙafa, ko an tone masa layin albasa kaf. Mafi ciwo shi ne ya tarar da rami a inda jiya ɗan itacen tuffarsa yake tsaye. In ya kai ƙara, abu na farko da za a tambaye shi shi ne nawa ne kuɗin abin, shi kuwa in ya faɗa sai ya ji kunya da kansa, domin bai wuce abin da zai kashe a shayin safe na kwana biyu ba. Tambayar da nake so mu tattauna, 'yan'uwa, ita ce: me ya sa abin da farashinsa bai kai ya kawo ba yake sa dattijo ya zauna a bakin rami yana haɗiyar zuciya? Shin raki ne kawai, ko kuwa akwai wani abu da aka ɗauke masa wanda ma'aunin kasuwa ba ya gani?

Kafin mu amsa, dole mu raba ɓarayin gida biyu, domin cusa su a buhu ɗaya zalunci ne. Akwai mai tsinka, akwai mai tumɓukewa. Dokar sata ta Ingila ta 1968 ma ta san da wannan bambanci, ko da yake a kan tsiron daji ta yi maganarsa. Wanda ya tsinki 'ya'ya ko fure ko ganye daga tsiron da ya fito da kansa bai yi sata ba, matuƙar ba don sayarwa ya tsinka ba. Amma wata doka ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba. Abin da mutum ya shuka da hannunsa kuwa, tsinkarsa ma sata ce a wurinsu. Malamanmu na fiƙihu su ma sun daɗe suna tattauna hukuncin mabuƙacin da ya ratsa ta gonar wani ya ci abin da zai kashe yunwa, bai ƙunsa a riga ya tafi da shi ba, kuma da yawansu sun sassauta masa. A ƙauyukanmu an san kala da roro, inda bayan an kwashe amfani ake ƙyale mata da yara su bi gona su tsinci abin da ya rage, ba mai ce musu kanzil.

Ni dai ba ni da ƙarfin halin tsine wa mai tsinka. In yunwa ce ta sa shi, hisabinsa yana tsakaninsa da Ubangijinsa, wani kason laifin kuma yana wuyan waɗanda suka ƙoshi suna kallonsa. Ya ci na yau, ya bar uwar a tsaye, gobe za ta sake haihuwa. Mai tumɓukewa fa? Ba a cin dashen tumatir, ba a miya da ɗan itacen tuffa mai shekara biyu. Wanda ya zo da shebur cikin dare ya haƙa, ya ɗauke tsiro da saiwarsa da ƙasar jikinsa, yana da inda zai dasa, yana da ruwan ba shi, yana kuma da haƙurin jiran ya yi 'ya'ya. Abu ɗaya ya ƙi yi, shi ne jiran farko, wancan mai wuya, na lokacin da babu abin gani sai baƙar ƙasa.

Nan ne nake ganin amsar tambayarmu take. Abin da aka sace lokaci ne. A Ingila mai son tumatir tun a watan Maris yake zuba iri a cikin gida, a bakin taga, saboda sanyi, ba zai fitar da dashen waje ba sai wajen ƙarshen Mayu in an daina fargabar ƙanƙara. In aka kwashe masa a watan Yuni, ko alƙali ya sa an biya shi ninki goma, ba a sayar da watan Maris a kanti. Akwai wani tsiro da suke ji da shi, asfaragas, wanda sai ya yi shekara biyu zuwa uku a ƙasa kafin a fara yankarsa sosai. Yawancin masu irin wannan haƙuri kuwa sun manyanta, kuma mutumin da ya ba saba'in baya ya san shekara uku ba kuɗin aljihu ba ce. Duk manomin rani da ya taɓa renon irin albasa a bakin fadama, ya wayi gari ya ga an yashe shi ana gobe dashe, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani zai iya cewa, ai filin ma ba nasa ba ne, na hukuma ne, wato na jama'a. Kuma in aka bi tarihi, lambunan hayar nan ɗan abin share hawaye ne da aka ba talakawa bayan masu hali sun killace filayen da da can kowa ke kiwo da itace a ciki. Dokar killacewa ta 1845 ta tanadi a ware wa marasa ƙasa 'yan filayen noma. Saboda haka wa ya fara sata? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ta yi kuskuren ƙofa. Wanda aka tone wa albasa jikan waɗanda aka kora ne, ko baƙon da ya zo daga Jamaika ko Bangaladash yana neman inda zai shuka ganyen garinsu. Masanin falsafar nan Jon Lok ya yi bayani a ƙarshen ƙarni na 17 cewa guminka da ka gauraya da abu shi ke mayar da shi naka. Ana iya jayayya da shi a kan manyan filaye, an kuma yi, amma a kan tushen kabewa ɗaya ban ga ta inda za a kayar da shi ba. Mai lambun haya bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasar ba. Guminsa kaɗai ya mallaka, shi ne kuma aka ɗauke.

Akwai wani ɓarawo na uku da ba zan daɗe a kansa ba. Agustin, malamin Kirista da aka haifa a shekarar 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka karkaɗe itacen maƙwabci cikin dare, suka watsa wa aladu 'ya'yan, alhali a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi. Ya ce daɗin laifin kansa ne ya ja shi, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Irin waɗannan yara suna nan har gobe, suna kuma girma su daina.

Mai shebur shi ne abin tsoro, saboda abin da ramin da ya bari ke faɗa. Mu marubuta mun saba zana ɓarawo da jajayen idanu yana haura katanga, amma wannan ya fi kama da mutumin kirki. Ya san wane tsiro ne mai daraja a cikin ashirin, ya san zurfin da zai haƙa kada saiwa ta katse, ya san ranar da mai lambu ba ya zuwa. Mai lambu yana duban ramin zai gane cewa gwani ne ya yi aikin, daga nan kuma sai ya fara ƙirga gwanayen da ya sani. Wa ya yaba wa itacen nan makon jiya? Wa ke da mabuɗin babbar ƙofa? Mai yiwuwa ne ɓarawon daga wata unguwa ya zo, amma zato ba ya tafiya nesa, a kan na kusa yake sauka. Maƙwabcin da kuke musayar iri da shi shekara goma sai ka ga kana leƙen bayan ɗakin ajiyarsa. Sai a ƙaro kwado, a ɗaga shinge, a kafa kyamara, wasu su daina shuka duk abin da zai ja ido su koma dankali, wasu su mayar da filin su haƙura. Ɓarawo ɗaya ya yi dare ɗaya, mutum hamsin sun koma gaisawa sama-sama.

Wannan matsala ba yau ta fara ba, ba kuma a Turai ta fara ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin wani bawa da ya saci ɗan dashen dabino daga gonar wani mutum, ya je ya dasa a gonar ubangidansa. Mai dashen ya kai ƙara gaban Marwanu ɗan Hakamu, gwamnan Madina a lokacin, shi kuwa ya tsare bawan da niyyar yanke masa hannu. Sai Sahabi Rafi'u ɗan Khadij, Allah Ya yarda da shi, ya je ya sanar da shi abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba a yanke hannu a kan 'ya'yan itace ko zuciyar dabino. Marwanu ya sa aka saki bawan. Malamai sun bayyana cewa haddi yana hawa ne a kan abin da aka ɗauko daga ma'ajiyarsa, abin da ke tsaye a gona kuwa bai shiga ma'ajiya ba tukuna. Faɗuwar haddi ba ta wanke laifin ba, biyan mai abu da horon alƙali suna nan.

Abin lura shi ne, dalilin da ya sa hukuncin ya yi sauƙi shi ne dai dalilin da ya sa ciwon ya yi zurfi. Kuɗi ana kulle su a akwati, hatsi a rumbu, amma tsiro dole ya kwana a waje, yana buƙatar rana da raɓa, ba yadda za a yi a ɓoye shi ya rayu. Duk wanda ya shuka wani abu ya tafi gida ya kwanta, ya bar shi ne a hannun duk mai wucewa, ko ya san shi ko bai san shi ba. Shari'a ta Madina da dokar Ingila kowacce ta yi iya abin da doka za ta iya, sauran kuma an bar wa mai wucewar.

Ruwayar ta ce mai dashen fita ya yi yana nemansa har ya same shi. Ɗan dabino ne ƙarami, a Madina, garin da dabino ya fi komai yawa, an kuma riga an dasa shi a tsakiyar gonar wani. Duk da haka da ya gan shi ya gane nasa ne.