Ruɓewar Jiki da Mas'alar Tashin Ƙiyama

Ɗalibin da ke bitar darasin ruɓewa domin jarrabawa yakan haddace cewa bakteriya da fumfuna ke cinye gawa, zafi da danshi na gaggauta aikinsu, gishiri da bushewa na jinkirta shi, har jiki ya zama takin tsiro. To, idan wani ya ci tsiron nan, jikin wa za a mayar wa wannan sashe ranar ƙiyama? Game da wannan mas'ala, masanin falsafa Ibn Sina ya karkata ga tashin ruhi kaɗai. Amma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi cikin littafinsa Tahafutul Falasifa, raddin da nake ganin ya fi ƙarfi, cewa ruhi ne asalin mutum, kuma Mai ƙudura yana iya gina masa jiki daga kowace ƙasa.