Aikin Da Bai Kai Kunne Ba

Wani dare na yi kusan awa guda ina gabatar da shiri kafin mai kula da na'ura ya leƙo ya ce tun farko injin watsawa ya mutu. Ba wanda ya ji ni. Haushi ya cika ni, har na tambayi kaina: aikin da bai kai kunnen kowa ba, aiki ne kuwa?

A watan Maris na 1721, makaɗin Jamus Johann Sebastian Bach ya sadaukar wa basaraken Brandenburg, Christian Ludwig, kiɗe-kiɗe shida na taron makaɗa, inda goge da sarewa da ƙaho ke amsa wa juna. Takardun suka kwanta a ma'ajiya, sai a 1849 aka gano su, shekara 99 bayan mutuwarsa. A 1977 kumbon Voyager ya tafi sararin samaniya da wani sashe na kiɗa na biyu.

Wasu za su ce ai ga sakayya ta zo. Ban gamsu ba, domin mai aikin bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya mallaka kawai shi ne sanin bai yi algus ba lokacin da yake rubutawa. Ni ma a daren nan ban yi ba. Amma har yau, kafin in yi sallama ga masu sauraro, sai na dubi jar fitilar nan sau biyu.