Tashar da ta zubar da harafi ɗaya

Duk wanda ya kalli shirin Nova ko Frontline a shekarun 1980 da 1990 ya ga abin, ko da bai sa masa ido ba. Allo zai yi baƙi ƙirin, sai wani siririn haske ruwan lemo ya bi gefen haruffa huɗu yana zana su, WGBH, ga kuma wani sauti na na'ura da ke farawa ƙasa-ƙasa yana hawa. Gershon Kingsley ne ya tsara sautin da na'urar kiɗa ta Moog a farkon shekarun 1970, kamfanin Chermayeff da Geismar kuma ya zana haruffan masu inuwa a 1974. Duka-duka 'yan daƙiƙoƙi ne. Amma har yau akwai manya a Amurka, masu 'ya'ya da jikoki, da ke cewa suna ƙanana wannan sauti kan sa su ɓuya bayan kujera.

A 2020 tashar, wadda ke birnin Boston, ta sanar da cewa ta ajiye harafin W. Ta koma GBH, ta ɗauki launin shunayya. Dalilin da ta bayar shi ne yawancin masu bibiyarta yanzu ta intanet suke riskar ta, harafin kuwa na zamanin eriya ne: a tsarin Amurka, tashoshin gabashin kogin Mississippi kan fara da W, na yamma da K. Inuwar haruffan ta tsira, sautin ma ba a yar da shi ba.

Masu kallo da dama ba su ji daɗi ba, kuma ba su rasa hujja ba. A bayan ƙorafinsu akwai tambayar da ta girmi talabijin nesa ba kusa ba: idan abu ya sauya suna, ya sauya kama, ya sauya gida da ma'aikata, da wane dalili za a ce shi ne dai na da?

Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka adana shekara da shekaru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu, wasu na cewa jirgin ne, wasu na cewa wani ne daban. Manomi ma ya san matsalar ba tare da ya ji sunan Plutarch ba, in yana riƙe da fartanyar gado da aka sake wa ƙota, daga baya maƙeri ya sake mata ruwa, amma har gobe fartanyar kaka ake ce mata.

WGBH ta sha irin wannan sauyi fiye da yadda tambarinta ke nunawa. Ta fara a matsayin rediyo a watan Oktoba 1951, ta buɗe talabijin a kan tasha ta 2 ranar 2 ga Mayu 1955. A watan Oktoba 1961 gobara ta cinye ɗakunan shirye-shiryenta da ke Cambridge, kusa da jami'ar MIT, sai da ta yi ta aron wurin aiki a hannun wasu tashoshi kafin ta sami matsuguni a unguwar Allston. A 2007 ta sake ƙaura zuwa Brighton. Haruffan GBH na nufin Great Blue Hill, tudun da aka fara kafa eriyarta a kai, alhali eriyar talabijin ɗin ta bar tudun tuntuni. Ita kanta lambar 2, wadda masu zanen tashar suka yi ta wasa da ita suna ba ta siffofi kala-kala, tun da aka koma watsa shiri na dijital a 2009 ta zama lakabi kawai, domin ba a kan wannan zangon siginar ke fita ba. Waɗanda suka kunna na'ura a 1955 kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya.

To me ya rage?

Imam Gazali, a farkon littafinsa kan sunayen Allah kyawawa, Al-Maƙsadul Asna, ya tsaya tsayin daka cewa suna daban, mai sunan daban, sanya sunan kuma abu na uku ne. A kan wannan ma'auni tambari ba shi ne tashar ba, kuma wanda ya ɗauka cewa zubar da W ya kashe wani abu ya rikita alama da abin da take nunawa. Wannan gaskiya ne, sai dai bai kashe maganar ba. Mutum yana da jiki da rai da za a nuna a ce ga mai sunan. Tasha ba ta da ko ɗaya. In aka cire gini, aka cire ma'aikata, aka cire zangon watsawa, sai a nemi mai sunan a wani wuri.

Inda ya fi dacewa a duba shi ne wasiyyar wani ɗan kasuwar Boston, John Lowell ƙarami. Matarsa da 'ya'yansa biyu sun rasu kusa da kusa, ya bar gida ya shiga duniya, ya ratsa Masar, ajali ya same shi a Bombay a 1836 yana da shekara 36. Ya bar kimanin dala 250,000 domin a riƙa gabatar da laccoci kyauta ga mutanen Boston. Ya kuma gindaya sharaɗin da ya sa wasiyyar ta fita daban: kada a kashe kuɗin wajen gina zauren laccar. Mutumin ya fahimci cewa gini kan cinye manufar da aka yi shi dominta. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1946, mai kula da dukiyar, Ralph Lowell, ya haɗa kai da Harvard da MIT da wasu jami'o'in yankin don a kai laccocin gidajen mutane ta rediyo. Daga wannan haɗaka WGBH ta fito.

Wasiyyar Lowell ba wakafi ba ce a ma'anar shari'a, amma duk ɗalibin fiƙihu zai gane siffar. Malaman wakafi sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma ba a teburin falsafa ba, a gaban alƙali. Sun ba sharaɗin mai wakafi nauyi ƙwarai. Sun kuma yi saɓani kan musanya: in abin da aka bayar ya lalace ko ya daina amfani, za a iya sayar da shi a sayi wani? Malikawa sun tsananta a kan gidaje da filaye, Hanbalawa da Hanafawa sun fi sassauci. Ibn Taimiyya ya kafa hujja da abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an ɗauke masallacin Kufa zuwa wani wuri, tsohon filin ya zama kasuwar masu dabino. Duk da saɓanin, abin da kowane ɓangare ke tsoro guda ne, wato kada amfanin da mai bayarwa ya nufa ya yanke.

Da wannan ido, abin da ke sa GBH ta yau ta zama WGBH ta jiya alkawari ne: ilimi kyauta ga duk wanda ya kunna akwatinsa. Tambarin kuwa sa hannu ne a ƙarƙashin alkawarin. Shi ya sa ba abin wasa ba ne. Uwar da ta bar ɗanta gaban shirin yara na Arthur ta shiga kicin ba ta tantance shirin ba, haruffan ta gani ta yarda. Kurman da ya sami rubutu a ƙasan allo, aikin da tashar ta fara a 1972 da shirin girkin Julia Child, ya san wa ya tuna da shi. Da sa hannun ne kuma ake kama mai alkawari in ya saɓa.

Akwai misalin da ya tafi ta ɗaya hanyar. A shekarun 1970 an fara wani shiri na kai darussa ta tauraron ɗan'adam ga yankin Appalachia mai fama da talauci. A 1980 ya zama The Learning Channel, tashar koyo. Kamfanin Discovery ya saye ta a 1991, sannu a hankali aka taƙaita sunan zuwa TLC, darussa suka ja baya, shirye-shiryen leƙen rayuwar mutane irin su Here Comes Honey Boo Boo suka cika allo. Haruffa uku suna nan daram, harafin L ɗin koyo ma bai motsa ba. Wannan ya fi zubar da W muni nesa, domin an riƙe sa hannun bayan an warware alkawarin.

Ba a ce GBH ta fita fes ba. Kamfanin mai na Mobil ya ɗauki nauyin shirin Masterpiece Theatre tun 1971 har fiye da shekara talatin, attajiri David Koch kuma ya zauna a kwamitin amintattun tashar yana tallafa wa Nova, abin da ya sa masu fafutukar kare muhalli suka yi ta zanga-zanga. Tambarin mai ba da kuɗi kan fito dab da na tashar, mai kallo kuma yana da haƙƙin tambayar wanne ne ke jan ragamar ɗan'uwansa.

Gwajin da ya fi tsanani na cikin gida ne. Daren 5 ga Afrilu 1968, kwana ɗaya bayan kashe Martin Luther King, WGBH ta watsa wasan mawaƙi James Brown kai tsaye daga zauren Boston Garden don mutane su zauna a gida, birnin kuma ya kwana lafiya a lokacin da wasu biranen ke ci da wuta. A wannan shekarar ta fara Say Brother, shirin baƙaƙen fatar Boston, wanda daga baya ya koma Basic Black. A 2024, da kuɗi suka yi ƙaranci, tashar ta sallami ma'aikata 31, ta dakatar da Basic Black da Greater Boston, shirye-shiryen da ke magana da mutanen garin da Lowell ya ambata a wasiyyarsa. A Yuli 2025 majalisar dokokin Amurka ta janye dala biliyan 1.1 da aka ware wa kafafen yaɗa labarai na jama'a. Duk wanda ya damu da W ɗin da aka cire, jadawalin shirye-shiryen Boston na shekaru masu zuwa ya fi cancantar ya sa wa ido.